Daga Dakon Tukunyar Iska Zuwa Gadin Numfashi

A manyan asibitocin Amurka da Kanada akwai wani ma'aikaci da ba a kiransa likita, ba a kuma kiransa nas, amma duk lokacin da numfashin majinyaci ya sarƙe, ko da ƙarfe uku na dare ne, shi ake fara nema. Shi ke saita na'urar da ke hura wa mutum iska cikin huhu. Shi ke zuƙe majinar da ta toshe bututun da aka zura a maƙogwaro, ya soki jijiyar wuyan hannu ya ɗebi jini don a ga yawan iskar da ke cikinsa. A ɗakin haihuwa yana tsaye da kayansa yana jiran bakwainin da huhunsa bai yi ƙwari ba. A sashen gaggawa yana sa wa mai asma maganin shaƙa, idonsa na kan yadda ƙirji ke hawa da sauka. Jami'in kula da numfashi ke nan. A yau ba ya taɓa majinyaci sai ya yi karatun shekara biyu zuwa huɗu a kwaleji, ya ci jarrabawa, ya karɓi lasisi.

Waɗanda suka fara wannan aiki kuwa 'yan dako ne. Tukwanen ƙarfe suke turawa daga ɗakin ajiya zuwa bakin gado, su kwashe waɗanda suka ƙare su mayar.

Kafin mai dako, sai da aka samu kaya

Ranar 1 ga Agusta, 1774, wani malamin coci a Ingila mai suna Joseph Priestley ya tattara zafin rana ta cikin gilashi ya haska a kan wani jan gari na sinadarin makuri. Wata iska ta fito. Ya sa kyandir a cikinta, wutar ta yi haske irin wanda bai taɓa gani ba. Daga baya ya rufe ɓera a ciki, ɓeran ya daɗe da rai fiye da wanda aka rufe a iskar yau da kullum. Shi ma ya shaƙa, ya ji ƙirjinsa sakayau. Antoine Lavoisier na Faransa ne ya raɗa mata sunan da ya zama oksijin, ita ce kuma kashi 21 cikin ɗari na iskar da kowa ke shaƙa.

Likitoci ba su yi jinkirin gwada ta ba. A 1799 Thomas Beddoes ya buɗe wata cibiya a birnin Bristol don yi wa masu tarin fuka da sauran cututtuka magani da iska iri-iri. James Watt, sanannen maƙerin injin tururi, wanda tarin fuka ya kashe masa 'ya, shi ya ƙera masa kayan aikin. Ba wanda aka raba da tarin fuka ta wannan hanya, cibiyar kuma ba ta yi nisan kwana ba. Shekaru da dama bayan haka oksijin ta fi zama hajar 'yan tallan magani, waɗanda ke sayar da shaƙar 'yan mintuna suna cewa tana maganin komai.

A watan Maris na 1885 wani matashin likitan ƙauye a jihar Pennsylvania, George Holtzapple, ya tarar da yaro ɗan shekara 16 nimoniya na neman kai shi kushewa, leɓɓansa sun yi shuɗi. A nan bakin gado ya dafa wasu sinadarai biyu a kwalba, ya tura iskar da ke fita ta bututun roba zuwa fuskar yaron. Yaron ya tashi. To amma ba kowane likita zai riƙa dafa oksijin a ɗakin majinyaci ba. Matsalar ta warware ne a Jamus, inda Carl von Linde ya gano yadda ake sanyaya iska har ta zama ruwa a 1895, sannan a farkon ƙarni na 20 ya riƙa tace oksijin daga cikinta da yawa, cikin araha, ana ɗura ta a tukwanen ƙarfe.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙarasa sauran. A Afrilun 1915 aka saki iska mai guba a kan sojoji a Ypres ta ƙasar Beljiyam. Aka tura masanin numfashi John Scott Haldane ya je ya gani da idonsa. Ya ƙera takunkumin ba da oksijin ga waɗanda gubar ta ƙone wa huhu, kuma a rubutunsa na 1917 ya dage cewa a riƙa ba da ita a kai a kai bisa awo, a daina bayarwa jefi-jefi kamar ana ɗanɗana magani.

Mutanen ɗakin ƙasa

A shekarun 1920 wani likita a New York, Alvan Barach, ya kyautata tantin oksijin. Siffarsa kamar gidan sauro ce da aka kifa a kan rabin gado, sai dai iska ba ta ratsa shi. Ana hura oksijin a ciki, a bi da iskar ta kan ƙanƙara don kada zafi ya dami majinyaci. Kafin zuwan penisilin, wannan tanti yana cikin manyan abubuwan da mai nimoniya ke dogaro da su, baya ga ƙarfin jikinsa.

Tantin yana shan iska ba kaɗan ba, kuma a lokacin ba a fara jawo oksijin ta bututu cikin bango ba. Babbar tukunya tana kaiwa kafaɗar mutum, nauyinta ya haura kilo 50, tana ɗauke da lita kusan 7,000. Idan tanti na shan lita goma a minti, tukunya ɗaya ba ta cika awa goma sha biyu. Dole wani ya turo sabuwa kafin tsohuwa ta ƙare, ya ɗaure ta da sarƙa kada ta faɗi, ya kwance kan awo ya mayar, ya farfasa ƙanƙara ya zuba, ya zubar da ruwan da ya narke. Dole ya hana a kusantar da sigari ko ashana, ya kuma kiyaye kada maiƙo ya taɓa bakin tukunya, domin oksijin na mayar da ƙyastu ɗaya gobara. Da farko nas-nas ke wannan fama a kan aikinsu na jinya. Da abin ya fi ƙarfinsu, asibitoci suka ɗauki maza majiya ƙarfi, aka riƙa kiransu da sunan da ke nufin leburorin oksijin.

Ofishinsu galibi a ɗakin ƙasa yake, kusa da ma'ajiyar kaya. Albashinsu na cikin mafi ƙanƙanta a asibiti. Sai dai mutumin da ya shekara biyar yana kwance kan awo yana ɗaurawa ya san abin da likita bai sani ba. Ya san ƙarar da tukunya ke yi idan tana yoyo, ya san tantin da ke riƙe iska da wanda ke zubarwa, ya kuma ga majinyata da yawa har ya iya gane wanda launinsa ya fara sauyawa. A hankali likitoci suka fara tambayarsu shawara.

Wani likitan ƙirji a asibitin Michael Reese da ke Shikago, Edwin Levine, ya lura cewa majinyatan da aka yi wa tiyata sun fi saurin tashi idan akwai mai kula da numfashinsu bayan aiki. A 1943 ya fara koya wa waɗannan ma'aikata yadda huhu yake da yadda yake aiki, da dalilin kowane abu da suke yi da hannunsu. A Yulin 1946 ɗalibansa da wasu likitoci da nas-nas suka haɗu a asibitin Jami'ar Shikago, ranar 15 ga Afrilu, 1947 kuma aka yi wa ƙungiyarsu ta masu ba da maganin shaƙa rajista a jihar Illinois. Mutum 59 ne suka kafa ta, 17 daga cikinsu 'yan ɗarikun coci masu hidima a asibitoci. Ita ce ƙungiyar da, bayan sauya suna sau da dama, ake kira AARC tun 1986.

Darasin jarirai makafi

A daidai waɗannan shekaru wani bala'i yana faruwa a ɗakunan bakwaini ba tare da an gane musabbabinsa ba. A 1942 likitan ido Theodore Terry na Boston ya ba da labarin wata sabuwar makanta: farin tantani a bayan ƙwayar idon jariran da aka haifa kafin lokaci. Abin mamaki, cutar ta fi yawa a asibitocin da suka fi kayan aiki. Zuwa farkon shekarun 1950 an ƙiyasta yara kusan 10,000 sun rasa ganinsu, mafi yawansu a Amurka. Mawaƙin nan Stevie Wonder, wanda aka haifa bakwaini a 1950, yana cikinsu.

A 1951 wata likitar yara a Melbourne ta Ostireliya, Kate Campbell, ta kwatanta ɗakunan jarirai ta ga makantar ta fi yawa inda ake sakin oksijin cikin kwalba ba ƙaidi. Arnall Patz a Washington ya gwada ya samu haka, sannan wani babban bincike a asibitoci 18 na Amurka ya tabbatar a 1954. Iskar da ake ceton jariran da ita, ita ke lalata jijiyoyin idonsu. Asibitoci suka firgita suka matse ta. Makanta ta ragu ƙwarai, amma mutuwar bakwaini da lalacewar ƙwaƙwalwa suka ƙaru, saboda an koma ba su ƙasa da abin da suke buƙata.

Daga nan ne asibitoci suka yarda cewa oksijin magani ce mai ƙa'idar awo kamar kowane magani mai ƙarfi, kuma buɗe kan tukunya ba aikin ƙarfi kaɗai ba ne. Sai an samu wanda ya san nawa zai bayar, ya san yadda zai auna, ya kuma san lokacin ragewa.

Huhun ƙarfe

Shan inna ba baƙuwa ba ce ga mai karatu, sai dai an fi saninta da shanye ƙafa. Idan ta yi tsanani takan hau har ta kama naman da ke motsa ƙirji, mutum na ji yana gani numfashi ya gagare shi alhali huhunsa lafiya lau. Irin waɗannan ne suka amfana da wani dogon akwatin ƙarfe da Philip Drinker da Louis Shaw na Jami'ar Harvard suka ƙera. Ana zura mutum a ciki, kansa kawai a waje, roba ta kama wuyansa. Inji ya zuƙe iskar cikin akwatin, ƙirji ya buɗe, iska ta shiga ta hanci; inji ya sake, ƙirji ya koma, iska ta fita. A Oktoban 1928 aka fara sa wata yarinya 'yar shekara takwas a asibitin yara na Boston. Tana gab da cikawa aka kunna injin, cikin ɗan lokaci ta farfaɗo. Ta rasu bayan 'yan kwanaki, amma kowa ya ga abin yana aiki. A 1931 John Emerson ya fito da samfuri mai sauƙi da kusan rabin kuɗi, kuma a ƙarshen shekarun 1930 attajirin motoci Lord Nuffield ya sa aka ƙera irin na katako a masana'antarsa, ya raba kyauta ga asibitocin daular Birtaniya.

Huhun ƙarfe ya kawo sabon aiki. Sai an juya majinyaci ta ƙananan tagogin da ke gefe, an zuƙe masa yawu, an duba robar wuya kada ta yi yoyo ko ta ci fata. Idan wuta ta ɗauke, akwai mariƙin da ake bugawa da hannu, kuma kowa da ke asibitin yakan sheƙo ya kama. A 1952, shekarar da ta fi muni a Amurka, mutum fiye da 57,000 suka kamu, fiye da 3,000 suka mutu.

Kopenhagen, 1952

A ƙarshen Yulin wannan shekara cutar ta afka wa babban birnin Denmak. Asibitin Blegdam, wanda ke karɓar masu cututtuka masu yaɗuwa, wata rana yakan karɓi mutum 50. Kafin farkon Disamba an kwantar da fiye da 2,700, kuma fiye da 300 daga cikinsu numfashi ko haɗiya ta shanye musu. Huhun ƙarfe ɗaya tak asibitin ke da shi, sai wasu ƙananan na'urori shida da ake kifawa a ƙirji kamar sulke. A makonni uku na farko an yi jinyar mutum 31 masu matsalar numfashi. Mutum 27 suka rasu.

Shugaban asibitin, Henry Lassen, ya rasa tudun dafawa. Aka ba shi shawara ya kira Bjorn Ibsen, likitan sa barci a ɗakin tiyata, ɗan shekara 36, wanda ya yi horo a Boston. A Denmak ta wancan lokaci ba a ɗauki masu wannan fanni da wani girma ba. Ibsen ya karanta takardun mamatan, ya duba huhun wasu daga cikinsu. Likitocin asibitin sun ɗauka ƙwayar cutar ce ke cinye ƙwaƙwalwa, don haka babu abin yi. Shi kuwa ya ga hawan jini da gumi da dimuwa, alamomin da ya saba gani a ɗakin tiyata idan gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa, wato kabon dayoksaid, ta taru a jini. Ana ba majinyatan oksijin, launinsu yana yin kyau, amma numfashinsu ya yi rauni har ba ya iya fitar da dattin. Ya ce a tsaga maƙogwaro a ƙasan wuya, a zura bututu mai ɗan balan-balan da zai hana yawu gangarawa huhu, a haɗa shi da jakar roba a riƙa matsawa da hannu, kamar yadda yaron maƙeri ke buga zugazugi.

Ranar 27 ga Agusta aka ba shi wata yarinya 'yar shekara 12 da aka riga aka fitar da rai da ita. Aikin ya fara da tangarɗa. Bayan an sa bututun yarinyar ta riƙa kokawa, ƙirjinta ya ƙi karɓar iska, jikinta ya yi shuɗi. Likitocin da suka taru kallo suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ibsen ya yi mata allurar barci, jikinta ya saki, ya zuƙe majinar da ta cika huhun, ya ci gaba da matsa jakar. Da suka dawo suka tarar launinta ya dawo, gumin ya tsaya. Ta rayu har zuwa 1971.

Hanya ta samu, saura hannaye. Babu injin da zai matsa jakar, kuma akwai lokacin da majinyata kusan 70 ke buƙatar a matsa musu a lokaci guda, dare da rana, wasu na tsawon makonni, wasu watanni. Aka yi kira ga ɗaliban likitanci, daga baya aka haɗa da na haƙori. Kimanin 1,500 suka amsa. Ana nuna wa ɗalibi yadda ake yi cikin ɗan lokaci, a zaunar da shi gefen gado na awa shida zuwa takwas, ya riƙa matsawa yana saki bisa bugun da ya dace da ƙirjin wanda ke gabansa. Yawancin majinyatan yara ne, idonsu biyu, ba sa iya magana saboda bututun. Ɗaliban suka koyi karanta leɓe da ƙiftawar ido. Da hannu ɗaya suna matsa jaka, da ɗayan suna riƙe littafi suna karanta wa yaran labari. Babban abin tsoro shi ne gyangyaɗi a cikin dare, ko bututu ya lanƙwashe, ko tukunya ta ƙare ba a lura ba. An ƙiyasta sun yi awa 165,000 suna wannan aiki. Mace-mace suka sauko daga kashi 87 cikin ɗari zuwa kusan 40, suka kuma ci gaba da sauka kafin annobar ta lafa.

Abubuwa uku suka fito daga wannan asibiti. Shugaban ɗakin gwajinsa, Poul Astrup, ya samar da hanyar auna tsamin jini da kabon dayoksaid cikin sauri, don a san ko ana matsa jakar da yawa ko kaɗan. Injiniyoyi da likitoci, irin su Carl-Gunnar Engstrom na Suwidin, suka himmatu wajen ƙera injin da zai maye gurbin hannun ɗalibi. Shi kuma Ibsen, a Disamban 1953, ya buɗe wani ɗaki a asibitin birnin inda ake tara masu tsananin ciwo wuri guda da ma'aikatan da ba sa barin gefensu. Shi ake ɗauka ɗakin kulawa ta musamman na farko a duniya.

Mai mukullin ɗakin iska ya gaji na'ura

A Turai nas-nas da likitocin sa barci ne suka riƙe sababbin na'urorin. A Amurka kuwa na'urorin sun tarar da sashen da ya riga ya saba da tukunya da bututu da kan awo, sai suka faɗa hannunsa. Allurar rigakafin Jonas Salk ta 1955 ta fara kwashe masu shan inna daga asibiti, amma gadajen suka cika da masu haɗarin mota, masu tiyatar zuciya, da masu huhun da sigari ya cinye. A ƙarshen shekarun 1950 Forrest Bird, tsohon matuƙin jirgin sama, ya fito da wata ƙaramar na'ura koriya mai suna Mark 7, wadda ke aiki da ƙarfin iskar tukunya ba tare da lantarki ba. Leland Clark da John Severinghaus suka ƙera abubuwan auna oksijin da kabon dayoksaid a jini kai tsaye. Ɗan dakon jiya ya wayi gari yana karanta lambobi yana juya maɓallai da ran mutum ya rataya a kansu.

Dole aka tsara matakai. A 1960 aka kafa hukumar rajista aka fara jarrabawa, kuma wadda ta fara samun lamba ta ɗaya wata sista ce ta cocin Katolika, Mary Yvonne Jenn. Sai dai masu wannan babbar shaida 'yan kaɗan ne, alhali dubban ma'aikata a bakin gado a wurin aiki suka koya. Don su ne aka buɗe mataki na biyu a 1969, matakin ma'aikacin fasahar numfashi, wanda yawanci ke buƙatar horon shekara guda. Shekara talatin masu wannan shaida suna ɗauke da kaso mai yawa na aikin yau da kullum: ba da maganin shaƙa, bubbuga ƙirji don majina ta saki, wanke kaya da zagayen dare. Kanada ta kafa tata ƙungiyar a 1964. Kalifoniya ta yi dokar lasisi a 1982, sauran jihohi suka bi. A 1999 aka cire kalmar ma'aikacin fasaha daga sunan shaidar, daga baya kuma karatun shekara biyu ya zama mafi ƙarancin abin da ake shiga sana'ar da shi.

Sana'ar ta sha tata girgizar. A shekarun 1960 da farkon 1970 babban abin da sashen ke yi shi ne zagayawa da na'ura ana hura wa majinyata iska da magani na minti goma ko sha biyar, sau uku ko huɗu a yini, asibitoci na samun kuɗi mai yawa da hakan. A 1974 masana suka taru a Philadelphia suka tambayi ina hujjar amfaninsa. Ba a samu gamsasshiyar amsa ba, kuma babban gwajin da aka buga a 1983 ya nuna bai fi shaƙar magani ta hanya mai sauƙi ba ga masu daɗaɗɗen ciwon huhu. Aikin da ya ciyar da sashen ya rushe. Ma'aikatan suka koma inda ake matuƙar buƙatarsu, wato ɗakunan kulawa ta musamman na manya da na jarirai.

A can ne ƙimarsu ta fito da lambobi. A 1963 ɗan shugaban Amurka John Kennedy, wanda aka haifa bakwaini, ya rasu bayan awa 39 saboda huhunsa na manne wa kansa. A 1971 George Gregory na San Francisco ya nuna cewa ɗan matsin iska mai ɗorewa na hana huhun irin waɗannan jarirai rufewa, kuma saita wannan matsi ya zama aikin yau da kullum na masu kula da numfashi. A 1996 wani bincike kan majinyata 300 a Amurka ya gano cewa idan aka bar waɗannan ma'aikata da nas-nas suna gwada kowane majinyaci kullum ko zai iya numfashi da kansa, kwanakin zama a kan na'ura na sauka daga shida zuwa huɗu da rabi. A 2000 wani gwajin kan mutum 861 masu mummunan kumburin huhu ya nuna cewa rage yawan iskar kowace hurawa zuwa rabi ya saukar da mutuwa daga kusan kashi 40 zuwa 31. Babu sabon magani a ciki, lamba ce kawai ake sauyawa a jikin na'ura, a kuma tsaya a tabbatar ta zauna daidai.

Daga korona zuwa gida

Da korona ta ɓarke a 2020, kamfanonin motoci irin su Ford da General Motors suka koma ƙera na'urorin numfashi, suka fitar da dubbai cikin 'yan watanni. Nan take asibitoci suka gano cewa wanda zai sarrafa na'urar ba a ƙera shi cikin watanni. Masu kula da numfashi ne ke tsaye a kan majinyaci lokacin zura bututu, daidai inda ƙwayar cutar ta fi fesowa, su ne kuma ke riƙe kai da bututu idan za a kifa mutum a kan cikinsa don huhu ya buɗe. A Indiya, a Afrilu da Mayun 2021, mutane suka riƙa bin layi da tukwane a kafaɗa suna neman inda za a ɗura musu, dakon da aka fara da shi ya dawo a titi. Paul Alexander na Dallas, wanda shan inna ta sa a huhun ƙarfe yana ɗan shekara shida a 1952, ya kuma yi karatu har ya zama lauya, ya rasu a Maris 2024 bayan fiye da shekara 70 yana dogaro da akwatin da mutanen da ke gyara masa shi.

A yau ana koyar da wannan sana'a a Saudiyya, Filifin, Taiwan, Indiya da Kolombiya, kuma Jami'ar Ghana na ba da digiri a kanta. A Nijeriya, kamar a Ingila, aikin a rarrabe yake tsakanin nas-nas, likitocin sa barci da masu gashin ƙashi. An ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali ranar 25 ga Agusta, 2020, shekara huɗu bayan ganinta na ƙarshe a jihar Borno. Nimoniya kuwa tana nan: Asusun UNICEF ya ƙiyasta ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar 162,000 a Nijeriya a 2018, adadin da ya fi na kowace ƙasa.

Abin da ke ceton irin waɗannan yara ba ya buƙatar ɗaki mai tsada. Ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa, wanda injiniyan Japan Takuo Aoyagi ya gano dabararsa a farkon shekarun 1970, yana nuna cikin daƙiƙai ko oksijin na jini ya faɗi ƙasa da kashi 90. A Papua New Guinea, da aka sa shi a asibitoci biyar tare da na'urorin tace oksijin, aka kuma horar da ma'aikata da masu gyara, mutuwar yara masu nimoniya ta ragu da kashi 35 cikin ɗari. A Dhaka ta Bangladesh, likita Mohammod Chisti ya haɗa na'urar matsin iska da robar sabulun wanke gashi da ruwa da bututu, ta kuma rage mace-mace a gwajin da aka buga a 2015. A duka wuraren biyu, kayan sun yi aiki ne domin akwai wanda aka koya wa dubawa, aunawa da gyarawa.

A Mayun 2023 taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙudurin da ya buƙaci ƙasashe su wadata asibitocinsu da oksijin, kuma ƙudurin ya haɗa da horar da ma'aikata. Ya kamata gwamnatocin jihohi da hukumomin asibitoci su ɗauki wannan sashe na ƙudurin da muhimmancin da suke ba sayen kaya. Duk kasafin da zai sayi tukunya ko na'urar numfashi, a sa kuɗin horar da wanda zai zauna gefenta a cikinsa, makarantun koyon aikin lafiya kuma su buɗe wa matasa wannan fanni da sunansa da shaidarsa.